Darasi: Ruɗanin Zuciya da Gyaran Niyya a Rayuwar Imamu Gazali

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai lokacin da mutum yakan wayi gari sana'arsa tana tafiya, iyalinsa suna lafiya, amma zuciyarsa ta rasa natsuwa, yana tambayar kansa: shin don me nake wannan wahala? Da yawa daga cikinmu mukan ɓoye wannan hali saboda kunya. Tarihin Imamu Abu Hamid Al-Gazali yana nuna mana cewa wani lokaci wannan ruɗani ƙofar shiriya ce.

An haife shi a garin Tus na ƙasar Kurasan a shekara ta 450 bayan Hijira (1058). A shekara ta 484 (1091) waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna ɗaukar karatu a gabansa. Duk abin da malami yake so na ɗaukaka ya samu.

To amma da ya binciki niyyarsa, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Almunƙizu minad Dalali, sai ya tarar neman suna da girma ne yake tura shi ga karantarwa. Tun daga watan Rajab na 488 (1095) ya yi kimanin wata shida yana kai kawo tsakanin zama da tafiya, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya taso. Daga bisani ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya fita zuwa Dimashƙa da Baitil Maƙdis, ya yi aikin Hajji. A cikin waɗannan shekaru na kaɗaita ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, wanda malamanmu suke karantarwa a zaure.

Ga inda darasin yake: a shekara ta 499 (1106) ya koma karantarwa a Naisaburi. Aikin shi ne dai na da, niyyar ce ta sake. Ya rasu a Tus a 505 (1111).

Saboda haka ba muna kira ga kowa ya bar gona ko kasuwa ya shiga duniya ba ne. Aya ta 56 ta Suratuz Zariyati ta riga ta sanar da mu cewa don bauta aka halicce mu, kuma noma da fatauci da tarbiyyar ƴaƴa duk suna zama bauta idan niyya ta gyaru. Wanda ya ji irin wannan ruɗani, to ya zauna shi kaɗai bayan sallar asuba ya yi wa kansa hisabi: wane aiki zan ci gaba da yi ko da babu mai yabona? Ya yi istihara kafin ya yanke shawara babba, ya kuma kai kukansa ga malami mai tsoron Allah. Idan abin ya hana shi ci ko barci, ya je wajen likita, domin neman magani ba ya rage tawakkali.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.