Tufafin Sarauniya

Ƴan aji shida na wata makaranta a Dogon Dutsi sun shirya yin ɗan gajeren fim kafin babban hutu. Sun zaɓi labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Vule da Shanwan a shekarar 1899. Malam zai ɗauki hoton da wayarsa. Iyaye za su zo kallo, har da mutanen Lugu. Kuɗin asusun aji kuwa jika 15 ne kacal.

Yarinyar da za ta fito a Sarauniya ta zo da leshin yayarta da sarƙa mai walƙiya. Ƴan aji suka tafa. Malam bai tafa ba.

— Wa ya gaya muku haka take sakawa?

— Malam, ai sarauniya ce!

— To, ku je ku tambayi manya.

Da marece suka je wurin wata tsohuwa mutuniyar Arewa. Suka durƙusa suka gaishe ta.

— Kaka, wane irin kaya Sarauniya take sakawa?

Tsohuwa ta yi dariya. Ta ce Sarauniya ba matar sarki ba ce, ita ce shugabar Aznan Lugu. A zamanin nan mata suke kaɗa auduga da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina da baba. Mayaƙa kuwa warki suke ɗaurawa, da guru a ƙugu, da kambu a dantse, ga kwari da baka. Ta buɗe tsohon adudunta, ta ara musu zanen saƙi guda.

Washegari malam ya ba su labarin wani fim na Mustafa Alasan, ɗan Nijar, mai suna « Le Retour d'un aventurier », na shekarar 1966. A cikinsa wani saurayi ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Da suka sa huluna da takalma, sai halinsu ya sake, suka dami gari. Malam ya ce tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki, tufarsa ta riga ta faɗa wa mai kallo ko shi wane ne. Ya ƙara da cewa Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi fim ɗin Sarauniya a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Sai aka shiga aiki. Aka ware kaye guda, kowane ɗan wasa da shafinsa: sunansa, hoton kayansa, da wanda ya ba da aro. Aka aro warki uku wurin maharba. Aka yanka kwali aka shafa masa ja, ya zama hulunan sojojin Afirka da ke cikin rundunar. Hular Nasara ce ta ba su wuya, har wani yaro ya kife ƙwarya a kansa. Aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, ta yi daidai. Tela kaɗai aka biya, jika 9, ya ɗinka riguna biyu.

Kayen nan yana da wani amfani. Ba a gama fim rana ɗaya. Idan maharbi ya shiga kurmi ran Asabar da laya a wuya, dole ya fito da ita ran Laraba, ko da an ɗauki fitowar bayan kwana huɗu. Don haka aka naɗa yara biyu masu duba kowa kafin ɗauka. Ranar farko suka tuɓe agogo ɗaya da takalman roba bakwai.

Tambayoyi
1. Don me malam bai yarda da leshi ba?
2. Nawa suka rage a asusun aji?
3. Tambayi kakarka sunayen tufafi uku na da, ka rubuta su da Hausa da Faransanci.