Filin Shawarwari: Dabinon Tsakar Gidanmu Ya Ƙi Haihuwa

Shekarun baya, bayan wani azumi, na binne ƙwallayen dabinon da muka sha ruwa da shi a tsakar gidanmu a Maamobi. Guda ya tsiro, yanzu ya kere katanga, amma ko fure bai taɓa yi ba. Maƙwabciyata ta rantse wai kwakwar manja ce. Yaya zan gane? Kuma in sa rai ko in sare?

Daga wata uwa, Maamobi, Akra

Hajiya, duba gindin ganyen. Na dabino yana da ƙayoyi dogaye masu tsini kamar basilla, launinsa kore ne mai toka-toka, kuma 'yan tsiro kan fito a gindin bishiyar. Kwakwar manja ganyenta kore ne shar, ƙayarta gajera, ba ta fid da 'ya'ya a gindi. Kwakwar sha kuwa ba ta da ƙaya sam.

In ma dabinon ne, gaskiya ba na ba ki ƙwarin gwiwa. Dabino akwai namiji akwai mace, wanda ya tsiro daga ƙwallo kuma ba a sanin jinsinsa sai ya yi fure. Ko mace ce, sai an samo garin furen namiji an barbaɗa mata. Babbar matsalar ita ce iskar Akra. Dabino na son ruwa a saiwa da busasshen zafi a ka, shi ya sa yake albarka a Bilma da Dutse. Nan bakin teku danshi ba ya ɗaukewa, ga damina biyu, 'ya'yan kan ruɓe kafin su nuna.

Ki bar shi don inuwa in bai takura ba. In abin ci kike so, dasa gajeriyar kwakwar sha, wadda kan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, tana kuma jure rairayi da iska mai gishiri. Sai dai kar ki sayi dashe a bakin titi. Cutar Cape St Paul, da aka fara gani wajen Keta a 1932, ta ƙarar da gonakin kwakwa da dama, babu kuma maganinta. Nemi irin da aka inganta don jure mata a wurin malaman gona.

Kafin ki haƙa rami, ɗaga kai ki dubi wayar lantarki da kwanon maƙwabta, don kin san yadda gidajen zango suke manne da juna.