Daga Dara Zuwa Allon Kwamfuta

A wannan zango mu 'yan ƙungiyar jarida mun fara bin wani darasi daga nesa kan yadda ake ƙera wasan gem. Karatu daga nesa shi ne malami yana wata ƙasa, kai kana nan cikin birni, bidiyo ne ke haɗa ku. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar irin wannan karatu, amma ta manya ce. Namu kyauta ne, Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta ɗora shi a intanet, kuma da manhajar Scratch ake yin sa.

Scratch ta fito a 2007 daga makarantar MIT, don yara aka yi ta. Ba a rubuta dogon Turanci. Umarni ne a jere kamar tubala, kana jawowa kana ɗorawa: idan an danna wannan, yi tafiya taku goma, idan ka taɓa bango, juyo. Faɗin filin wasan 480 ne, tsayinsa 360, tsakiyarsa sifili. Ashe x da y ɗin da muke gudu a ajin lissafi su ne ke nuna inda ɗan wasa yake tsaye!

Babban abin da muka gane shi ne gem doka ce kafin ta zama hoto. Ku dubi dara da dattawa ke yi a gindin bishiya. Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Sai an gama zubawa a fara matsawa gurbi ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Wanda ya ƙago wannan ya gama aikin mai ƙera gem tun babu lantarki. Tetris ma, da Alexey Pajitnov ya yi a Rasha a 1984, dokarta ba ta fi haka tsawo ba.

Akwai kuma batun al'ada. Kamfanin Maliyo na Legas ya yi gem mai suna Aboki Run. Sunan Hausa ne, amma ba a nan aka yi shi ba. Mu kuwa ga ganuwa, ga dutsen Kufena, ga tarihin Sarauniya Amina, ga hawan sallah, duk ba mu taɓa ganinsu a wayar kowa ba. Shi ya sa gwajinmu na farko mahayin doki ne da zai taso daga Ƙofar Doka zuwa fada yana kauce wa 'yan acaɓa. Har yanzu dokin ya fi kama da akuya.

Wahala tana nan. Data da tsada, wuta sai ta ga dama, Baturen bidiyon kuma sauri yake kamar ana korarsa. Dabararmu ita ce malamin kwamfuta ya sauke darasin sau ɗaya a wayarsa, mu kalla muna tsayarwa. Scratch tana aiki ko babu intanet in an riga an sauke ta. Ranar da babu wuta, a takarda muke zana dokokin.

Wasu iyaye na cewa gem shiririta ce, kuma mai kwana kan waya har ya makara sallar asuba bai da abin kare kansa. Amma bugawa daban, ƙerawa daban. Muna roƙon shugaban makaranta ya bar mana ɗakin kwamfuta awa ɗaya ranar Laraba bayan an tashi. Mai son shiga, mace ko namiji, ya zo da littafin lissafinsa.