Me Ya Sa Matasa Ke Manne Wa Shirye-shirye Irin Su Big Brother A Waya?

Ba sai kana da DStv a gida ba kafin ka san abin da ake ciki a gidan Big Brother Naija. Matashi a Gantsa ko Dutse yana cin karo da shi gutsure-gutsure a TikTok, Facebook da sitatus ɗin WhatsApp, sau da yawa ba tare da ya nema ba.

An fara shirin ne a ƙasar Holan a 1999, ya shigo Najeriya a 2006, lokacin da Katung Aduwak ɗan Jihar Kaduna ya yi nasara. Tsarinsa mai sauƙi ne: a tara baƙin juna a gida ɗaya, a kafa musu kyamarori, masu kallo su zaɓi wanda zai zauna.

To mene ne yake jan matasa? Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum kan auna kansa da wasu domin ya san matsayinsa. Shekarun tashen balaga kuwa lokaci ne na tambayar kai: yaya ake yin abota, yaya ake mayar da martani in an ci fuskarka? Shirin yana ba matashi damar kallon rikici da soyayya ba tare da ya shiga ciki ba. Ga kuma majalisa: wanda bai ga abin da ya faru jiya ba, sai dai ya yi shiru ana hira.

Amma ka sani, minti ɗayan da ya iso wayarka an yanko shi ne daga sa'o'i masu yawa. Mai yankan faɗa yake nema, domin faɗa ne ke yawo. Ita kuma TikTok tana lura da daɗewarka a kan bidiyo, ko da haushi ne ya tsayar da kai, sai ta ƙaro maka irinsa. Datarka ce ke biya. Kuma shirin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, ƙa'idar da gutsuren bidiyo ba ruwansa da ita.

In kana so ka rage, danna ka riƙe kan bidiyon, ka zaɓi Not interested. A wayar Android kuma, shiga Settings, ka nemi Digital Wellbeing, ka sa wa manhajar iyakar mintuna a kullum.