Taswirar Koguna da Fadamun Dajin Birnin Gwari

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar yammacin Jihar Kaduna zai ga siraran layuka shuɗɗa sun ratsa ƙasar Birnin Gwari, har da yankin Gayam. Babba daga cikinsu shi ne Kogin Mariga, wanda ya raba dajin Kamuku da na Kuyambana a Jihar Zamfara, sa'an nan ya gangara ya haɗu da Kogin Kaduna. An keɓe Kamuku tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 1,100. To, yaya ake sanin inda kowace ƙorama ta bi a daji mai wannan faɗi?

Da can hotunan jirgin sama ake amfani da su, 'yan safiyo su bi da ƙafa su tabbatar. Daga 1972, da Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Landsat, aikin ya sake salo. Na'urarsa tana ganin wani haske da idonmu ba ya gani, watau infared. Ruwa yana shanye wannan haske, don haka yakan fito baƙi a hoto, ɗanyen ganye kuwa mayar da shi yake yi, sai ya fito da haske.

A nan ne dabarar gano fadama take. Da damina daji duka kore ne, ga gajimare ya rufe sama, hoton ba ya bambanta komai. Sai an jira watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ciyawar tudu ta bushe ko gobara ta cinye ta. Wurin da ya rage kore shar a kwari, nan ƙasa take riƙe da laima. Ƙananan rafuka ma haka: ɗigo guda na hoton Landsat yana wakiltar mita 30 a ƙasa, saboda haka rafi mai faɗin mita biyar ba zai fito ba, sai dai a bi layin kurmin da ke bakinsa.

Amma hoto ba ya faɗin sunan rafi, ko watan da yake ƙafewa, ko inda mashayar shanu take. Manomi da makiyayi ne suka san waɗannan, kuma rikicin 'yan bindiga da ya addabi dajin tun daga shekarun 2010 ya hana 'yan safiyo isa gare su a wurare da dama. Taswirar da ta nuna fadama ba ta nuna mashaya ba, tana iya sa hukuma ta yanka gonakin noman rani a kan burtali.