FILIN MANOMA: KULƁA DA YADDA A KE KIWONTA

A ƙasar Daura ba yaron da bai san labarin macijin rijiyar Kusugu ba, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa a zamanin Daurama. Tsoron maciji gaskiya ne. Amma saboda wannan tsoro a kan kashe wata 'yar dabba wadda ba ta da laifin kome, watau kulɓa. Da an ga sheƙin jikinta da irin sulɓin da ta ke yi cikin ciyawa, sai a ce ai 'yar'uwar maciji ce, tana da dafi, a bi ta da sanda. To, kama da wane ba wane ba ne.

Kulɓa dangin ƙadangare ce. Masana sun ƙidaya irinta fiye da 1,500 a duniya, ba kuwa ko ɗaya mai dafi. In an matsa mata ta kan ciji mutum, amma cizon bai wuce a wanke da ruwa da sabulu ba. A ƙasar Hausa iri biyu aka fi gani. Akwai babba mai ja a haƙarƙari, wadda tsawonta ya kan kai ƙafa ɗaya har da wutsiya. Akwai kuma ƙarama mai zane biyar daga wuya zuwa gindin wutsiya, wadda 'ya'yanta da matanta ke da wutsiya shuɗiya.

YADDA ZA A RABA TA DA MACIJI

Wannan shi ne farkon abin da ya kamata a koya wa yara. Kulɓa tana da ƙafa huɗu, tana da kafar kunne a bayan ido, tana kuma ƙifta ido. Maciji ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Amma fa wurin ɓuyarsu ɗaya ne: ƙarƙashin tarin kara, da gindin rumbu, da tsakanin duwatsu. Can ne kububuwa ke kwanciya, ita ce kuwa macijiyar da ta fi kashe manoma a arewacin Nijeriya. Saboda haka kada kowa ya zura hannu inda idonsa bai gani ba, kada kuma ya kai hannu ga abin da bai ga ƙafafunsa ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa maciji ya sare shi, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya tsaga wurin.

AMFANINTA GA MANOMI

Abincin kulɓa ƙwari ne: gara, da gyare, da 'yan fara, da kyankyaso, da tsutsar ganye. Ba ta cin gero, ba ta cin dawa, ba ta fasa buhun gyaɗa. Ashe wanda ke da kulɓa a gindin rumbunsa ya sami mai gadi ba lada. Masu noman rani a wajen Daberam da Sabke su ma suna cin moriyarta a lambun tumatir da albasa, ko da ba su lura ba.

Kiwon da ya fi sauƙi shi ne a bar ta inda ta ke. A tara 'yan duwatsu ko fasassun tukwane a gefen lambu, nesa da inda yara ke wasa, a bar busasshen ganye kaɗan a ƙasa, gama cikin ƙasa mai laima ta ke yin ƙwai. A rage fesa maganin ƙwari barkatai, don in ta ci ƙwaron da ya sha magani ita ma ta kan mutu.

KIWONTA CIKIN AKWATI

A Ingila da Amurka mutane su kan ajiye kulɓa a gida don sha'awa, kamar yadda a ke ajiye tattabaru a nan. Wadda suka fi so ita ce wata babba mai shuɗin harshe ta ƙasar Ostareliya, wadda kan yi shekara 15 ko fiye a hannun mai kula. Daga Togo da Binin da Gana kuma fatake na fitar da kulɓar Afirka ta Yamma zuwa can. Akwai ma wata mai ratsin baƙi da rawaya a rairayin ƙasar Nijar, mai fita da dare, wadda wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, ya rubuta bayaninta a 1864, ita ma ana sayenta.

Wanda ke so ya gwada, ko malamin makaranta mai son nuna wa yara, ga abin da za a tanada.

1. Akwati. Tsawonsa ya kai ƙafa 3, fāɗinsa ƙafa ɗaya da rabi. A rufe samansa da ragar waya irin ta taga, don iska ta shiga, kyanwa da kaji kuwa su rasa hanya.

2. Ƙasa. A zuba rairayi gauraye da ƙasar gona kamar inci 4, gama kulɓa na son tona. A kife sakaina biyu, ɗaya a ko wane gefe, ta sami maɓoya. A riƙa ɗan yayyafa ruwa ƙarƙashin ɗaya, don laima na taimakonta lokacin saɓa.

3. Rana da inuwa. Jikin kulɓa ba ya ɗumama kansa, sai da rana. In ba ta sha hantsi ba, abinci ba ya narke mata, ƙashinta kuma ya yi laushi. A ajiye akwatin inda hantsi zai bugi gefe ɗaya, ɗaya gefen na cikin inuwa. Hasken da ya ratso gilashi ba ya wadatar da ita. Da bazara kada a bar akwatin a tsakar rana, gama zafin watan Afrilu na iya kashe ta kafin azahar. Da hunturu a shigar da shi ɗaki da dare.

4. Ruwa. A sa a kasko marar zurfi, a sake shi kullum.

5. Abinci. Babba a ba ta ƙwari masu rai sau uku a mako, ƙarama kuwa kullum. Kada ƙwaro ya fi fāɗin kanta girma, kada kuma a kamo shi a gonar da aka yi wa feshi. A daka ɓawon ƙwai ya yi laushi, a riƙa barbaɗa wa ƙwarin, don ƙarfin ƙashi.

6. Zama. Kada a haɗa maza biyu a akwati ɗaya, faɗa za su yi ta yi.

Ba a kama kulɓa ta wutsiya. In an yi haka sai ta yar da ita ta gudu, dabarar da ta ke tsere wa shaho ke nan. Wata za ta tsiro, amma ba ta kai ta fari kyau ba. A tallafe ta a tafin hannu, na ɗan lokaci kaɗan. Bayan an taɓa ta ko an share kashinta, lalle a wanke hannu da sabulu, gama dangin ƙadangare duka kan ɗauki ƙwayar cuta mai sa zawo da zazzaɓi. Kada a ajiye akwatin kusa da madafa ko randa, kada kuma a bar jarirai su taɓa.

Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa. In mutum ya ga kulɓarsa ta ƙi ci har kwana goma, tana ramewa, ko kuwa aikin gona ya yi masa yawa, to, ya mai da ita daidai inda ya kamo ta, ya sake ta da hantsi.

Allah ya tsare manoma daga mugun ƙwaro, ya ba da damina mai albarka, amin.