Wayata ta ce shafin ba amintacce ba ne

Tambaya: Na shiga shafin biyan kuɗin makaranta, sai waya ta gargaɗe ni cewa haɗin ba amintacce ba ne. In ci gaba? Ɗalibi daga Angwan Rogo, Jos.

Amsa: Ɗan uwa, dakata tukuna. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida. Da ka buɗe shi, sabar da ke ɗauke da shafin takan miƙa wa Chrome ko Firefox wannan takarda, manhajar kuma ta duba ko sunan da ke ciki ya yi daidai da adireshin, ko wa'adinta bai ƙare ba, da ko hukumar da ta sa hannu tana cikin waɗanda wayarka ta yarda da su. In komai ya yi daidai, sai manhajar da sabar su ƙulla mabuɗin sirri, lambar katinka ta wuce a ɓoye.

Fara duba kwanan watan wayarka. In ya karkace, takarda mai kyau ma sai a ga kamar ta mutu. In daidai yake, galibi laifin na masu shafin ne, wataƙila sun manta da sabuntawa. Ba su da uzuri, tunda hukumar Let's Encrypt na bayar da takardar kyauta tun 2015.

Amma ka sani, 'yan damfara ma suna samun takardar. Shi ya sa Chrome ya cire alamar kwaɗon da ke gefen adireshi a 2023. Karanta adireshin harafi bayan harafi, kuma kada ka saka lambar katinka har sai gargaɗin ya ɓace.